Ni Ce Na Fara Cewa Likkafani

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan shafi. Na san kun saba in shigo muku da tsokana, to yau babu ita. Wadda ta zo neman dariya ta yi haƙuri ta wuce gaba, wadda za ta iya kuma ta gyara zama, domin maganar da zan yi wata biyu ke nan tana cin raina, ko Inna da ta haife ni ba ta san rabinta ba.

Sunana Khaula, 'yar Malam Datti mai sayar da taki da irin shuka a kasuwar Gaya. Shekarata ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan unguwarmu. Ina da baki, wannan kowa ya shaide ni, kuma a da ina ɗaukarsa abin ado ne.

In kuna cikin masu karanta littafin zanen nan na Ɗan Guguwa, to yayana ne ya zana shi, Yaya Abdulmuttalib, Allah ya jiƙansa. Mai ciwon sikila ne, rabin rayuwarsa a kan katifa ya yi ta. In ciwon ya lafa sai ya jawo tiren shayin Inna ya kifa a cinya, ya ɗora takarda, da baƙin biro guda ɗaya, ya yi ta zana wani saurayi makiyayi ɗan Toranke wanda in ya ware mayafin da uwarsa ta bar masa sai guguwa ta ɗauke shi sama, ya bi ɓarayin shanu har maɓoyarsu. Shi da ko masallacin Juma'a sai an goya shi a mashin, shi ne ya zana mutumin da yake tsallake kuka uku da tsalle ɗaya.

Ni nake kai takardun wurin Inuwa mai fotokwafi a bakin tasha. Injin Inuwa tsoho ne, duk inda baƙi ya yi yawa a takarda sai ya dame shi, tawada ta malale ta cinye fuskar mutum. Shi ya sa Yaya ya daina cike mayafin jarumin da biro, sai ya zana gefensa kawai ya bar cikin fari fat. Na taɓa tambayarsa dalili, ya yi dariya har sai da ya dafe ƙirji.

"Ke Khaula, wannan farin da kike gani ba fari ba ne, injin Inuwa ne ba ya shiri da baƙi. Zanen Dada ne fa."

Dada kakarmu ce, ita ta haifi Baffa, mahaifinmu. Tana da wani tsohon zanen saƙi rinin shuni, mai duhu har yana ɗaukar ido, tun na aurenta daga rugarsu. Da shi take lulluɓe Yaya in zazzaɓi ya rufe shi. Daga ni sai shi muka san maganar kalar nan, kuma shi ya rasu shekara uku da suka wuce, da damina.

Bayan rasuwarsa wani abokinsa ya ɗora hotunan littafin a fesbuk. Wasa-wasa aka buɗe guruf mai suna Masoyan Ɗan Guguwa, mutane suka yi ta shiga daga Kano, Dutse, Zariya, har da 'yan Nijar. Baffa ba ya son ganin sunan 'yarsa a fesbuk, saboda haka na shiga da sunan bogi, Barkonon Gabas. Ba wanda ya san mace ce, balle a ce ƙanwar marigayi ce. Duk wanda ya yi kuskure a labarin sai in yi masa wankin babban bargo, mutane suna dariya suna zuga ni, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Yanzu bari in kawo muku Hadi.

Hadi tela ne a Ajingi, shagonsa yana kallon tashar mota. Bara garwashin turaren wuta ya faɗa wa zanen Dada ya huda shi a gefe, Dada ta ƙi ci ta ƙi sha, aka ce mata akwai wani yaro a Ajingi da ya iya gyaran tsohon saƙi da hannu. Ni na raka ta. Muka tarar da wani dogo siriri, tef rataye a wuya, allura a baki, ga kunya kamar sabuwar amarya.

Dada ta ce, "Kai tela, in ka ɓata min zane sai dai ka aure ni ka biya."

Ya cire allurar ya ce, "Ai Dada ko ban ɓata ba ina ciki."

Ya faɗa wa Dada ne, amma ni ya kalla. Ya yi facin da shuɗin zare, ƙanana-ƙananan ɗinki kamar sawun kaza, in ba ka kai ido kusa ba ba za ka gani ba. Sati bai zagayo ba sai ga shi a soron gidanmu wai ya zo duba ko facin ya zauna. Facin ya zauna, shi ma ya zauna.

Manya suka shiga maganar, aka yi gaisuwa, aka ce sa rana sai an cire amfanin gona. Na kai masa atamfata mai ruwan zuma da ganye-ganye, wadda zan saka ranar, na haɗa masa da tsohuwar rigata ta awo, tunda Hadi ba ya ɗora wa mace tef. Na ce masa in ya kuskura ya yi min wuyan tsofaffi na fasa. Ya ce an gama, ranki ya daɗe.

A cikin wannan tsakanin ne wani kamfanin fim na Kano ya zo wurin Baffa neman izinin mayar da Ɗan Guguwa fim. Baffa ya yi shawara da Dada, ya sa hannu. Guruf ya ɗauki zafi, kullum ana musun wa zai fito a jarumin, har aka sanar cewa wani sabon yaro ne ɗan Kademi, Kamalu.

Sai Hadi ya ɓace min. Sati biyu cur ba ya zuwa, in na kira ya ce yana Kano aiki ya riƙe shi, zai min bayani. Ku da kanku kun san zuciyar mace in aka ce mata za a yi mata bayani. Na cika na batse, na ɗau alwashin sai na ja masa ajin da bai taɓa gani ba. Ranar wata Laraba da yamma ina tsince shinkafa saƙonsa ya shigo. Har yau yana cikin wayata, ga shi yadda yake:

"Ranki ya daɗe barka da yamma. Wata 'yar tambaya gare ni."

Na bari sai da na gama tsintar, na wanke, na ɗora tukunya, sannan na amsa. "Ashe ana tunawa da mu."

"Wallahi aiki ne, za ki gani da idonki in sha Allah. Wai mayafin Ɗan Guguwa na Yaya wane kala ne?"

"Sati biyu ba ka taka ƙofar gidanmu ba, sai mayafi ne ya dame ka?"

"Don Allah Khaula, da muhimmanci."

"Littafin ba yana wurinka ba? Ka buɗe ka duba mana, ai kana da ido."

Ya turo min, "To shi ke nan, na gode." Ni kuma na ajiye waya ina jin daɗi wai na rama. Kalma ɗaya ce amsar, shuni, kuma tana bakina, na haɗiye ta saboda jan aji.

Aka saki fim ɗin a yutub ranar wata Asabar da rana. Ƙawata Fauziyya ta zo da wayarta mai faɗin fuska, muka shige ɗakina muka ja labule, na sa ɗankwali na goge gilashin don kada komai ya wuce ni. Farkon bai yi laifi ba, shanun na gaske ne, rugar ma ta gaske ce, Kamalu kuma dogo ne mai wuya irin yadda Yaya yake zanawa. Har na fara share hawaye. Sai aka zo wurin da jarumin zai buɗe ƙwaryar uwarsa ya ciro mayafin.

Fari ne, jama'a. Farin yadi sol, gefensa ko kalmasa babu, zare yana reto. Ya yafa shi tun daga ka har ƙafa ya tsaya a kan tudu.

Fauziyya ta ce, "Kai, wannan ai kamar..." sai ta kama bakinta.

Ni ban kama nawa ba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne ranar da aka fito da Yaya daga ɗakin Baffa a naɗe, don irin wannan yadin ne sak. Na kashe fim ɗin a tsakiya. Na shiga ɗakin Dada tana salla, na buɗe adakarta na ciro zanen, na shimfiɗa gefensa a bakin taga inda haske yake na ɗauki hoto. Na dawo na buɗe Barkonon Gabas na rubuta:

"Marigayi ya zana jarumi, ku kuma kun kawo mana gawa tana tsalle. Wannan ba mayafi ba ne, likkafani ne. Telan da ya yi wannan aikin ya koma ɗinkin matattu, can ya fi dacewa da shi. Ga ainihin kalar mayafin Ɗan Guguwa ga wanda bai sani ba."

Na haɗa da hoton na tura. Kafin a kira la'asar abin ya wuce inda nake zato. Wani ya ce a kawo makara, wani ya ce Ɗan Guguwa ya gudo daga maƙabarta, wata ta ce ita ta fasa kallo kada ta yi mugun mafarki. Wani bawan Allah ya ce ai ko a littafin ma fari ne, aka yi masa ca sai da ya goge. Samari suka fara naɗe kansu da farin zanen gado a tiktok, su kwanta su miƙe sannan su zabura su yi tsalle. Ina kwance ina karantawa ina dariya, wallahi ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji, gani nake na ƙwato wa Yaya haƙƙinsa.

Washegari da safe saƙon Hadi ya shigo. "Kin kalli fim ɗin?"

"Na kalla, takaici ya sa na kashe a tsakiya."

Sai ya ce, "Da kin daure kin kai ƙarshe."

Ban kawo komai a raina ba. Ranar Litinin da na taso daga makaranta na ari wayar Fauziyya na ja fim ɗin can ƙarshe inda sunaye suke hawa. Na ga an rubuta sadaukarwa ga marigayi Abdulmuttalib Datti Gaya. A ƙasa kaɗan kuma, ɗinkin kayan jarumi, Hadi Usaini Ajingi.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da Fauziyya ta ce lafiya. Ashe da ya ji ana neman tela shi ya kai kansa, ya ce a ba shi aikin ko kyauta ne, saboda ni. Sati biyun da na yi ina kumbura yana can yana ɗinka kayan jarumin yayana don ya ba ni mamaki. Ya tambaye ni kala na ce ya duba littafi, ya duba, ya ga fari. Kalmasar kuma darakta ne ya ce a bari don iska ta riƙa kaɗa gefen kamar yadda yake a zane.

Na goge rubutun nan take, amma wa ya sani, mutum ɗari nawa ne suka riga suka ɗauki hotonsa. Na ce a raina kwana biyu ne za a manta, a kama wani. Da ma haka ne a guruf ɗin nan.

Kwana tara da sakin fim ɗin Kamalu ya rasu. Motar da ya shiga daga Kano ce ta yi karo a hanyar Wudil, mutum huɗu suka mutu har da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaron da bai ko gama jin daɗin ganin fuskarsa a waya ba.

Tun kafin a kai shi makwancinsa wani ya haɗa hotonsa sanye da mayafin da rubutuna a gefe, ya rubuta a ƙasa wai Barkono ya faɗa tun farko. Dariya ta koma wani abu daban. Aka tono sunan Hadi daga ƙarshen fim ɗin, aka samo hoton shagonsa, aka ce ga telan da ya ɗinka wa yaro likkafaninsa tun yana da rai. Masu ilimi a guruf suna cewa ku ji tsoron Allah, ajali ne, amma muryarsu ba ta kai ko'ina ba. Mata suka fara zuwa shagon suna karɓe yadukansu, wata mai jego ta ce ko hular jariri ba za ta bari ya taɓa ba. Aka rubuta masa Mai Likkafani da gawayi a jikin ƙofa. Su kuma 'yan fim suka sa mayafin a leda suka ba direba ya kai wa Hadi shago, don babu mai son ya kwana da shi a ofis.

A gidanmu Goggo Hanne, ƙanwar Baffa, ita ta kawo maganar, tun daga soro take tafa hannu.

"Yaya, ka ji abin da ake faɗa a gari? Yanzu wannan za ka ba wa 'yarka? Duk inda ta shiga a ce ga matar mai likkafani?"

Baffa ya ce, "Hanne, ba tela ke kashe mutum ba."

"Na ji. To amma sunan wa ake ja a ƙasa? Ba na Abdulmuttalib ba? Yaron nan yana kabarinsa an mayar da aikinsa abin dariya."

Nan ta same shi. Baffa ya juya yana kallon ƙofar ɗakin Yaya. Daga baya ya ce a aika wa mutanen Ajingi a ɗaga maganar sa rana sai ƙura ta lafa. Sannan ya ce, ina tsaye da butar alwalarsa a hannuna, "Shi kuma wanda ya fara rubuta kalmar nan a kan aikin ɗana, na bar shi da Allah." Na ajiye butar na shige banɗaki na toshe bakina da hijabi.

Sau uku Hadi ya zo bayan wannan, duk bayan la'asar. Na farko da na biyu ya zauna a kan tabarma a soro yana ta kallona kamar mai jiran a miƙo masa wani abu. Ni kuma in yi ta zuba, ina zagin 'yan guruf, ina cewa mutane ba su da tsoron Allah. Ya ce haka ne, ya tashi ya tafi.

Zuwa na uku ranar Alhamis ne. Na saka hijabina ruwan toka, na kai masa kunun aya mai sanyi a jug. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, maɓalli ɗaya ya cire bai mayar ba, shi da ko zare ya gani a kafaɗar mutum sai ya cire masa.

"Na je Kademi ta'aziyya," ya ce.

"Kai Hadi! Ba ka ji tsoro ba?"

"Samarin ƙofar gidan sun so su hana ni shiga, wani dattijo ya tsawatar. Na durƙusa a gaban mahaifiyarsa. Aka ce mata ga telan."

"Ta zage ka?"

"Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi ita ta san Allah ne ya karɓi abinsa. Sai ta ce, amma ɗan nan, duk kalolin duniya me ya sa ka zaɓi fari?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. "Me ka ce mata?"

"Na ce a littafi na gani."

Kunun yana ta zufa a jikin jug, bai ko kalle shi ba. Ya ciro wayarsa ya juya ta a hannu.

"Khaula, ke kin daɗe a guruf ɗin nan. Kin san Barkonon Gabas?"

Ga ƙofa an buɗe min har ƙasa, jama'a. Zuciyata tana cewa faɗi, faɗi yanzu. Amma na tuna Baffa, na tuna Goggo Hanne, na tuna atamfata da ke shagonsa, sai na ji bakina yana cewa, "Ina zan san shi? Mutum dubu nawa ne a ciki? Wani ɗan iskan ne kawai mara aikin yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya buɗe hoton da na ɗora, ya sa yatsu biyu ya buɗa shi, ya buɗa, har gefen zanen ya cika fuskar wayar, sannan ya miƙo min. Ga su nan, ƙananan ɗinkin nan kamar sawun kaza, shuɗin zare a kan shuni.

"Yini guda na yi a kan facin nan," ya ce. "Tun ranar Asabar ɗin da aka ɗora hoton na gane shi, tun kafin in tambaye ki ko kin kalla."

"Hadi..."

"Ban ji haushin rubutun ba kamar yadda kike zato. Yayanki ne, kin ga abin da ya tayar miki da hankali, kuma ba ki san ni ba ne. Na ce za ta faɗa min da bakinta, mu san yadda za mu yi. Na zo, na sake zuwa. Ko Yaya Hansai da muke ciki ɗaya ban gaya wa ba. Ana jifan ƙofata ina cewa Khaula za ta faɗa."

"Wallahi tsoro nake ji, wallahi..."

"Na sani. Ni ma tsoron nake ji, kullum in zan buɗe shago." Ya miƙe ya zura takalmansa. "Kalar kawai na tambaye ki, Khaula."

Ban iya tashi na raka shi ba. Ina jin ƙarar mashin ɗinsa har ya sha kwanar masallaci.

Da safe na yi abin da ya kamata in yi tun wata biyu. Na buɗe guruf na rubuta da cikakken sunana, na ce ni ce Barkonon Gabas, ni ce ƙanwar marigayi, telan ya tambaye ni kala na ƙi faɗa masa, laifin nawa ne, a bar bawan Allah ya ci abincinsa. Na zauna ina jiran a yi min ruwan zagi, har ina fatan a yi, ko na ji sanyi.

Mutum goma sha ɗaya ne suka kula. Wani ya ce su Hajiya an zo kare saurayi. Wata ta ce ƙarya ne, Barkono namiji ne, ta san salon rubutunsa. Sauran suna can ƙarƙashin wani sabon bidiyo, an sa hoton shagon Hadi a rufe da kwado ana waƙar makoki a kai. Da na yi ƙazafi mutum dubu suka ɗauka, da na zo da gaskiya ko juyowa ba su yi ba.

Jiya da hantsi Yaya Hansai ta zo, yayar Hadi. Ta gaida Inna a tsaye, aka kawo mata ruwa ta ce alhamdu lillahi. Ta ajiye ƙullin leda a gabana ta ce, "Saƙo ne," ta juya. A bakin ƙofa Inna ta tambaye ta Hadi, ta ce ya ɗaure keken ɗinkinsa a bayan mota tun shekaranjiya, ya tafi wurin wani abokinsa a Haɗeja.

Na kai ledar ɗakin Dada, don ba zan iya buɗewa ni kaɗai ba. Abin da ke sama wani yadi ne mai duhu, yana warin marina. Na ware shi. Mayafin ne. Ya kai an rina shi da shuni har sai da ya yi duhun zanen Dada, ya bi gefensa kaf ya kalmashe da hannu. An maƙala 'yar takarda da allura, rubutu layi ɗaya: "Ga na Yaya, na gyara."

Dada ta shafa shi, ta kai hanci, ta ce, "Wannan yaron ya iya aiki." Sannan ta leƙa cikin ledar ta turo min ita.

Rigata ta awo ce a ƙasa, a wanke a goge. A ƙarƙashinta atamfata mai ruwan zuma, a ninke yadda na kai ta. Na zazzage ta a kan gadon Dada ina neman inda almakashi ya taɓa, babu. Sai da na ɗaga ta a hasken taga na ga sawun alli. Ya riga ya zana inda zai yanka, hannu da kafaɗa da komai, daga baya ya sa tsumma ya goge. Wuri ɗaya ne bai gogu ba, zagayen wuyan, kuma ba na tsofaffi ba ne, irin wanda na ce ina so ne.

Ina tsaye da ita a hannu na ji sallamar Baffa, shi da ba ya dawowa daga kasuwa sai azahar ta wuce. Na ji muryar Goggo Hanne a bayansa tana cewa a nuna masa wurin da na rubuta sunana a guruf, a ƙara masa girman rubutun a wayar. Sannan ya kira ni, ba Khaulatu ba yadda ya saba tun ina yarinya.

"Barkono," ya ce. "Fito."